Zaren Da Ya Koma Gida

A ofishinmu na Khulna, hawa na uku,
fanka na juyi, ni ina ɗiga ɗigo.
Kowane ƙauye ɗigo ne, kowane rafi zare,
a kan kowane zare na rubuta lamba:
minti arba'in, minti goma sha bakwai.
Na ce wa kwamfuta ta nemo mini mafi kusa
daga ƙofar mai naƙuda zuwa asibitin Dakop.
Kafin in kurɓi shayi ta nemo.

Na kai wa Nitai Mondol takardar a bakin Shibsa.
Ya riƙe ta da yatsu biyu, kamar kifin da ya kwana.
"Shiuli, wannan arba'in ɗin ta ƙarfe nawa ce?"
Na ce arba'in ai arba'in ce.
Ya tofar da jan yawun ganyen da yake tauna.
"Da hantsi arba'in. Da la'asar taɓo ne zalla,
ko ƙaguwa sai ta naɗe wando."

Na koma na goge lambobin duka.
A gurbin kowace na dasa lanƙwasa
mai hawa da sauka kamar ƙirjin mai barci,
sau biyu a kwana, kullum kuma tana makara
da kusan minti hamsin, don wata ke ja mata akala.
Yanzu in ka tambayi zare tsawonsa
sai ya ce, yaushe za ka iso bakina?

Na koya wa lissafin tafiya da agogo a hannu.
Ya tsaya a ɗigon da ya fi saurin kaiwa,
ya dubi lokaci, ya tambayi zaren gaba
farashinsa na wannan sa'ar,
kamar mai cinikin jatan lande
da ya san kuɗin safe ba shi ne na yamma ba.

Amma akwai tubali guda a gindin ginin
da ban ma san na aza shi ba:
wai wanda ya riga tashi, shi zai riga isa.

Daren Talata, biyu da kwata,
Jhorna ungozoma ta bugo: ɗan ya juyo da ƙafa.
Allo ya ce mashigin tsakiya a rufe yake,
ku tashi yanzu, ku zagaya ta babban kogi,
awa biyu da rabi.
Nitai ya kwantar da matar cikin jirgi,
ya zauna.
Bai ja inji ba.
Ina ihu cikin wayar Jhorna, ina jin nishin matar,
shi yana haska tocila a jikin wani turke
inda ya taɓa yin tsaga da wuƙa tun ina goye.

Minti ashirin da biyar.
Na ƙirga su da haƙorana.

Ruwa ya taɓa tsagar. Ya ja igiyar inji.
Suka kutsa mashigin da allona ya binne,
saiwoyi na goga cikin jirgi,
uku da rabi suna ƙofar asibiti.
Da sun bi maganata, da har yanzu suna tsakiyar kogi.

Mace aka samu. Kilo biyu da ɗigo shida.

Washegari na ƙara wa kowane ɗigo zare ɗaya
mai fita daga cikinsa ya koma cikinsa,
ba ya kai ka ko'ina, lokaci kawai yake ci.
Lissafin ya kumbura, kwamfuta ta ɗau zafi,
abin da take yi a ƙiftawa ya koma daƙiƙa tara.
A cikin rubutun na raɗa wa zaren suna Nitai.

Da na gaya masa, bai ɗago daga ragar da yake ɗinki ba.
Ya ce bayan damina yashin zai matsa gabas,
tsagar turken ma za ta fara ƙarya.
Sannan ya tambaya ko ofishinmu
zai biya kuɗin man daren Talata.